Kafin mu yi wa golarmu dariya

 Yau zancen ƙwallo za mu yi, amma ba na Barcelona da Real Madrid da muke kwana muna gardama a kai a fada ba. Zancen wata yarinya ce mai tsaron gida, da abin da farkon rayuwarta ta ƙwallo ke nuna mana game da namu ɗiyan. Mun san akwai waɗanda da jin an ce ƙwallon mata za su ce "a'uzubillahi" su wuce. Muna roƙonsu su dakata kaɗan, don akwai maganarsu a ciki, kuma ba za mu yi mata riƙon wasa ba.

Abu biyu suka faru a shekarar 2019, tsakaninsu wata guda.

Na farko a Abijan ne, cikin watan Mayu, a gasar ƙwallon mata ta ƙasashen yankinmu da ake kira UFOA B. Ƴan matan Nijar suka haɗu da na Najeriya, aka tashi 15 da nema. Ku yi lissafi da kanku: minti 90 a raba gida 15, ke nan kowane minti shida sai an shiga ragarmu an ɗauko ƙwallo. Da labari ya iso, da yawa cikinmu dariya muka yi. Wasu suka ce maganinsu ke nan, mi ya kai mace filin ƙwallo. Wasu suka ce ai golar ce ba ta iya komi ba.

Na biyu a birnin Grenoble na Faransa ne, ranar 12 ga watan Yuni, a gasar cin kofin duniya ta mata. Najeriya ta ci Koriya ta Kudu 2 da nema. Wadda ta tsare ragar Najeriya a ranar sunanta Chiamaka Nnadozie, shekarunta 18 da rabi. Da wannan wasa ta zama gola mafi ƙarancin shekaru da ta taɓa gama wasa a kofin duniya na mata ba a zura mata ƙwallo ba.

Ra'ayinmu shi ne, tazarar da ke tsakanin ragar Abijan da ragar Grenoble an gina ta ne tun shekaru kafin a busa usur. Yarinya guda an raine ta a kan aikin, mataki bayan mataki. Ɗayar kuma mun tura ta fagen fama da abin da ya sawwaƙa, sa'an nan muka zauna muna jiran abin al'ajabi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a ƙwallon mata kullum ranar tafiya muke neman wuƙa.

Bari mu bi sawun Chiamaka mu gani. An haife ta ranar 8 ga Disamban 2000, ƴar Orlu ce a jihar Imo, ƙasar Ibo. Kada wani ya ɗauka can Kudu iyaye na tafa wa ɗiya mace idan ta ce ƙwallo za ta yi. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa mahaifinta bai so ba ko kaɗan, mahaifiyarta ce ta tsaya mata. Har ranar da aka ba ta kyautar gwarzuwar golar Afirka a Marrakech, cikin Disamban 2023, sai da ta tuna wa duniya cewa babanta bai so ta yi ƙwallo ba, ta ce amma ta san zai ga wannan dare ya yi murna. Ke nan abin da uba a Tasawa ko Madawa ke ji a ransa, uba a Orlu ma ya ji irinsa.

Abin da ta samu wanda namu ba su samu ba shi ne tsani. A 2016, tana ƴar shekara 15, ta shiga Rivers Angels ta Fatakwal, ɗaya daga cikin manyan kulob-kulob na mata a Najeriya, wanda gwamnatin jihar Ribas ke riƙe da shi. Kulob ne mai buga gasar ƙasa, da masu horaswa, da manyan ƴan wasa da yarinya za ta kalla ta koya. A wannan shekarar aka tafi da ita gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Jodan. A 2018 ta tsare raga a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Faransa, inda aka zaɓe ta gwarzuwar wasan da suka ci Haiti 1 da nema, suka kai zagayen ƴan takwas kafin Sifaniya ta fitar da su. Ƙarshen wannan shekarar aka ɗauke ta cikin babbar tawaga zuwa kofin Afirka a Ghana. Can kan benci ta zauna, tana kallon yayarta a aiki, Tochukwu Oluehi, har suka ɗauko kofin.

Ku ƙirga: kulob, ƴan 17, ƴan 20, bencin manya. Kafin ta taka filin Grenoble ta riga ta ji taken ƙasarta a gasar duniya har sau biyu, ta san yadda ƙafa ke rawa, ta san kuma yadda ake tsayar da ita. Najeriya ba ta taɓa fashin kofin duniya na mata ba tun da aka fara shi a 1991, don haka yarinyar ta taso ta tarar da hanya a share. Ita baiwa ce da ita, wannan ba gardama. Amma baiwa irin tata tana nan a Zangon Damagaram da Ali Ɗan Sofo, tana ɗaukar tallar goro, ba wanda zai taɓa sani.

Mi ya sa muka zaɓi gola, ba mai cin ƙwallo ba? Domin a duk filin babu wurin da ke tona asirin rashin shiri kamar raga. Mun san yadda ake zaɓen gola a unguwanninmu: wanda ya fi kowa ƙanƙanta, ko wanda ya zo a makare, ko wanda bai iya taka leda ba, sai a ce "kai, je ka tsare gida". Alhali kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsawonta sama mita 2.44, kuma ba a rage wa mata ko taƙi ɗaya ba. Wurin buga fenariti mita 11 ne daga layi, ƙwallon da aka buga da ƙarfi kan iso kafin ƙiftawar ido. Gola sai an koya mata yadda ake faɗuwa ba a karye ba, da inda za ta tsaya ta rage wa mai bugu kusurwa, da lokacin da za ta fito ta cafke ƙwallon sama da lokacin da za ta zauna. Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da ɗan wasanta ya mayar mata da ƙafa da gangan, ke nan dole ita ma ta iya wasa da ƙafa. Ga kuma baki: ita ce ke ganin fili duka, ita ke tsara ƴan bayanta da tsawa. Yarinyar da aka raina a kan ta yi shiru ta sunkuyar da kai, sai an zauna an koya mata cewa a cikin fili ɗaga murya aikinta ne.

Ba ɗaya cikin waɗannan da ake koya a sati biyu na zaman shiri kafin a hau jirgi. Mai kai hari na iya ɓarar da ƙwallo tara ta ci ta goma a ɗauke ta a kafaɗa. Gola kuwa ta tare tara, ta goma ta wuce, ita za a kwana ana zagi. Kuma wuri guda ne tak cikin sha ɗaya, ba a cika canza ta a tsakiyar wasa ba. Saboda haka gola matashiya ba ta da hanyar girma sai wani babba ya yarda ya damƙa mata ragar, ya kuma jure kuskurenta.

Nan ne labarin 2019 ya fi daɗin ji. Wasan farko Norway ta ci Najeriya 3 da nema, Oluehi ce a raga. Mai horaswa Thomas Dennerby, ɗan ƙasar Suwidin, ya yi ƙarfin hali ya sa ƴar shekara 18 a wasa na biyu, wanda in an faɗi shi kusan an kama hanyar gida. Ta fitar da shi kunya. Kwana biyar bayan nan, ranar 17 ga Yuni a birnin Rennes, suka haɗu da masu masaukin baƙi, Faransa. Wasa ya yi nisa ba ci, sai aka ba Faransa fenariti, aka kuma kori ƴar bayan Najeriya Ngozi Ebere. Wendie Renard, doguwar nan ta Lyon, ta buga, ƙwallo ya daki ƙarfe ya fita. Ana cikin murna sai na'urar VAR ta ce a dakata: Chiamaka ta bar layinta kafin a buga. Sabuwar dokar da ta fara aiki a farkon watan nan ta ce dole aƙalla ƙafa ɗaya ta gola ta kasance kan layi lokacin bugu. Aka ba ta katin ɗorawa, aka ce a sake. Renard ta sake, ta ci. Faransa 1, Najeriya 0.

Ku sa kanku a matsayinta. Yarinya ce, duniya na kallo, tazarar da ba ta kai taki ɗaya ba ta jawo wa ƙasarta faɗuwa. Mutane da yawa sun ce hukuncin ya yi tsauri, amma doka doka ce. Da a wajenmu ne, mun san abin da zai biyo baya: a ce ƙuruciya ce, a ce an yi gaggawar sa ta, a mayar da ita benci, ƙila daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Dennerby bai yi haka ba. Najeriya ta tsallake zuwa zagaye na gaba, karon farko tun 1999, kuma ita ya sake sa wa a raga a wasan Jamus. An ci su 3 da nema, an fitar da su, amma yarinyar ta koma gida da sanin cewa kuskure ɗaya bai kore ta ba.

To ku dubi abin da wannan haƙuri ya haifar. Wata biyu bayan Rennes, a wasannin Afirka na Rabat, wasan ƙarshe da Kamaru ya kai ga bugun fenariti, ta tare uku, suka ɗauki zinariya. A Janairun 2020, tana da shekara 19, kulob ɗin Paris FC ya ɗauke ta. A lura, Paris FC daban, PSG daban. Ranar 21 ga Yulin 2023 a Melbourne, tana ɗaure da ƙyallen kyaftin, ta tare fenaritin Christine Sinclair ta Kanada, matar da ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190, adadin da babu namiji ko mace da ya kai a wasannin ƙasa da ƙasa. Aka tashi canjaras da zakarun Olamfik. A wasa huɗu na gasar, uku ba a ci ta ba, har da minti 120 da Ingila. Cikin Satumban shekarar ta tare fenariti biyu Paris FC ta fitar da Arsenal daga gasar zakarun Turai. A Mayun 2025 ta sake tare biyu suka ɗauki kofin Faransa a hannun PSG, a Yuli ta ɗaga kofin Afirka na goma na Najeriya a Rabat, sa'an nan ta koma Brighton ta Ingila. Abin da aka hukunta ta a kansa tana ƴar 18, shi ya zama abin da aka fi saninta da shi.

Mu ƴan Nijar ai ba baƙin darajar gola ba ne. Wa ya manta Kassaly Daouda? Wa ya manta watan Oktoban 2010 da Mena ta ci Masar 1 da nema a filin Seyni Kountché, aka kama hanyar kofin Afirka na 2012, karonmu na farko? Maazou ya ci ƙwallon, amma kowa ya san sai da aka tsare gida kafin ci ɗaya ya isa. Makin farko da muka samu a kofin Afirka, canjaras ɗin da muka yi da Kwango a 2013, hannun Kassaly na ciki dumu-dumu. Shi ma kuwa sai da ya yi shekaru yana gogewa a kulob, har Coton Sport ta Garwa. Mun yarda namiji sai an gina shi. In aka zo kan mace sai mu ce ta faɗo daga sama da iyawarta, in ba haka ba mu yi mata dariya.

Yanzu ga maganar iyayenmu da malamanmu, kuma magana ce mai nauyi.

Ta farko sutura da kunya. Uba ya ce ba zai bar ɗiyarsa ta sa gajeren wando tana tsalle gaban maza ba. Ba mu ga laifinsa ba, mu ma ɗiya gare mu. Sai dai a san cewa tun 2014 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka halatta rufe kai a fili. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabinta, ita ce ta farko. Dokar wasa kuma ta ba gola damar sa dogon wando, riga mai dogon hannu dama al'adar masu tsaron gida ce, ga safar hannu. A cikin sha ɗayan nan babu wadda ta kai gola rufuwa. Batun haɗuwa da maza kuwa batun tsari ne: fili mai katanga, mace mai horaswa, lokaci sananne tsakanin la'asar da magariba, uwa ta san inda ɗiyarta take da wadda take hannunta. Asisat Oshoala, wadda ta ci ƙwallo na biyu a wasan Grenoble, Musulma ce, ita ma iyayenta sun ƙi da farko, ga ta nan sau shida tana zama gwarzuwar Afirka. Hukuncin addini na malamai ne, ba mu shiga hurumin da ba namu ba. Abin da muke roƙo kawai a yi hukunci a kan abin da ke akwai yau, a je a gani da ido, kada a tsaya ga hoton da aka gani a tele shekara ashirin da suka wuce.

Ta biyu, cewa ƙwallo ba ya ciyar da kowa. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Cikin dubban yaran da ke bin ƙwallo, ɗaiɗaiku ne ke cin abinci da shi, a ɓangaren mata abin ya fi ƙaranci. Su kansu ƴan wasan Najeriya, da duk kofunansu, sun yi zaman dirshan a otal a Abuja a 2016 saboda haƙƙoƙinsu da ba a biya ba, suka sake yin irinsa a Faransa a 2019, a gasar nan da muke ba da labari. Mahaifin Chiamaka ba mugunta ta sa ya ƙi ba, lissafi ya yi irin na kowane uba. Saboda haka duk wanda ya ce a cire yarinya daga lakwal don ƙwallo, maƙiyinta ne. Mu akasin haka muke nema: ƙwallon ya zauna cikin makaranta, sharaɗin shiga ƙungiya ya zama zuwa aji. Yarinyar da ba ta zama Chiamaka ba za ta fita da lafiyar jiki, da takardarta, da sanin yadda ake tsayawa a gaban jama'a ba a rikice ba. Wata ta zama malamar wasanni, wata alƙaliyar wasa, wata mai horas da na baya.

Ta uku, tsoron ƴan damfara, masu zuwa da takardu su ce za su kai yaro Turai, a sayar da gona ko bisashe a ba su, daga nan a neme su a rasa. Ga ɗiya mace haɗarin ya fi haka muni, kowa ya san inda irin wannan tafiya ke ƙarewa. To ga ma'auni mai sauƙi: dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa kulob na wata ƙasa, in ban da ƴan keɓantattun dalilai. Duk wanda ya zo ƙofar gidanka ya ce zai fitar da ɗiyarka ƴar 15 waje ta yi ƙwallo, ka ba shi kuɗin biza, ka rufe ƙofarka. Chiamaka ba ta bi ta hannun irin waɗannan ba. A gida ta yi suna, a rigar ƙasarta aka gan ta, kulob ɗin ya nemo ta tana da shekara 19. Inda babu gasar gida mai rai, nan ne ɗan damfara ke cin kasuwa, don shi kaɗai ke zuwa da alkawari.

Akwai ta huɗu da ba a cika faɗa a fili ba, wato aure. Ƙididdigar da UNICEF ke bayarwa ta nuna kusan uku cikin huɗu na ƴan matan ƙasarmu na yin aure kafin su cika 18. Ba mu zo rena aure ba, sunna ce kuma rufin asiri. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: shekarun da Chiamaka ta tsaya a Grenoble, mafi yawan sa'o'inta a nan suna ɗakin miji, wasu da goyo. Gola kuwa a hankali take nuna, sai ta haura ashirin da ƴan kai take kaiwa ganiyarta. Ke nan in har za mu samu gola, sai an samu iyayen da za su ba ɗiyarsu ƴan shekaru, da mazan da ba za su ga aure ya zama dalilin rataye safar hannu ba. Wannan shawara ce ta kowane gida, babu mai yanke wa wani. Muna dai so a san cewa ita ma tana cikin lissafin 15 da neman nan.

Kada kuma a ce ɗiyan Nijar ba su da jinin wasa. Aminatou Seyni ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a Amurka a 2022, duniya duka ta huɗu. Jikin yana nan, zuciyar tana nan.

To mi za a yi? Ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Hukumar ƙwallonmu, FENIFOOT, kamar kowace hukuma a duniya, tana samun tallafin FIFA, kuma wani kaso na tallafin an ɗaure shi da sharaɗin shirya gasar mata da buga wa tawagar mata wasanni. Ba mu zargin kowa da komi. Muna cewa haƙƙin jama'a ne a riƙa bayyana musu a rediyo, da Hausa da Zabarmanci: nawa aka ware wa mata bana, wasa nawa aka buga, nawa ya fita daga Yamai ya iso jihohi. Gasar da za a tara ƙungiyoyi a yi sati biyu a watse ba ta gina gola. Gola wasa take so duk mako, wata bayan wata.

A kowace jiha a samu ko mutum ɗaya da aka horar musamman kan koyar da tsaron gida, a ba shi ƴan mata su ma, tare da mace mai kula da su. Tsoffin gololinmu na kulob-kulob suna nan zaune a gari, iliminsu na tafiya a banza. Wurin koyo ma ba sai an jira ciyawar roba ba. Rairayin da ƴan kokowarmu ke faɗuwa a kai ba su karye ba ya isa a koya wa yarinya faɗuwa. Abin da ke kashe gwiwa da gwiwar hannu shi ne filin tsakuwa da muke tura su.

Daraktocin kolej da lise su ware wa ƴan mata yammaci ɗaya a mako a filin makaranta, magadan gari su sa kofi tsakanin makarantu. Ƴan kasuwarmu da ke zuba kyaututtuka lokacin kokowar takobi, Allah ya ƙara buɗi, safar hannu da ƙwallaye goma ba za su girgiza aljihunsu ba. Ƴan'uwanmu da ke ƙetare, in za a aiko da kaya, a tuna da wannan.

Mu kuma ƴan fada da masu riƙe da salula, namu aikin ya fi sauƙi: mu kama bakinmu. Yarinyar da ta tsaya a ragar Nijar aka ci ta, gobe za ta buɗe Facebook ta ga abin da muka rubuta, uwarta za ta ji a gidan biki, ƙanwarta da ke sha'awar abin za ta fasa. Laifi tudu ne. Kafin mu tambayi gola mi ya sa aka ci ta 15, mu tambayi kanmu wasa nawa ta buga a shekarar, wa ya koya mata, mi ta ci kafin ta shiga fili, kuma mu mi muka ba ta.

Iyaye mata, ku ne ƙarshen maganarmu, don a labarin Chiamaka uwa ce ta fara cewa to. Idan kina da ɗiya da kullum ƙwallon ƴan'uwanta maza ke ƙarewa a hannunta, kada ki yi saurin kai mata duka. Ki zauna da mahaifinta ku yi shawara, ku je ku ga wurin da idonku, ku san mai horaswar, ku kafa sharaɗinku na sutura da karatu da lokacin dawowa gida. In bai yi muku ba ku hana, haƙƙinku ne. In ya yi, ku bar ta ta gwada, kuma ranar da aka zura mata ƙwallon da bai kamata ba, ku zama na farkon da za su ce mata ta koma raga gobe.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, ya sa damina ta yi albarka. Sai wani jiƙon, in mai duka ya kai mu.